Batirin da Ya Riga Tuwo

Ɗan wani ƙara ne daga zaure, tit-tit, kamar kukan ɗan tsako. Ina tsugune gaban murhu, ko talge ban yi ba, sai na ji maigida yana neman takalmansa.

Adaidaitarsa mai lantarki ce, yana jigilar masu kifi daga Guri zuwa kasuwar Hadejia. Tsohon batirinta malalaci ne. In an jona shi a wutar sola da azahar, sai la'asar ta kawo jiki yake cika. Maigida ya yi ta mita. Ni kuwa, Allah ya gani, ina ƙaunar batirin nan. Albarkacinsa ake cin tuwon rana tare, mai gidan ya kishingiɗa a tabarma, autarmu tana tsintar masa furfura.

Sai aka kai adaidaitar Kano aka sauya mata sabon batiri. Ya zaunar da ni yana bayani: wai an haɗa shi da wani abu mai kwankwaɗar wuta lokaci guda, kamar raƙumi a bakin rijiya.

"Kafasita kake nufi?" na ce. "Mun yi a sakandare."

"To, farfesa! Ai sai ki taya ni murna."

Na taya shi. Amma tun ranar, da ya idar da sallah batirin zai yi kukan ya cika, shi kuma ya miƙe.

"Malam, miyar fa?"

"Kifi ba ya jira, Maman yara."

"Wanda ke cikin tukunya ai yana jira."

Na gwada ɗora girki da hantsi, tuwon ya sandare kafin ya iso. Na zuba masa a kula, da magariba kular ta dawo ko buɗewa bai yi ba. Wuyan rigarsa ya fara yi masa yawa. Na daina tsokana, na koma kai kukana cikin sujada.

Wata Laraba ya dawo daga masallaci, ya tsaya a tsakar gida yana kasa kunne. Shiru. Ya zauna a bakin tabarma, ƙafa ɗaya cikin takalmi. Na kwashe tuwo na ajiye, miyar kuka da busasshen tarwaɗa. Ya kai loma, ya dubi zaure. Ya ƙara. Can ya cire ɗaya takalmin.

"Yau raƙumin naka azumi yake?" na tambaya.

"Ƙila rana ce ba ƙarfi," in ji shi, alhali rana kamar ta fasa kai. Ya sa aka ƙaro miya. Kafin in kwashe kwanuka har ya fara minshari.

Ina wanke-wanke a bakin rariya autar ta zo ta rungumo wuyana ta baya, bakinta duk maiƙo, ta raɗa mini:

"Umma, ni na zare wayar cajin. Gobe ma in zare?"