Laujuna Goma Sha Ɗaya a Ƙarƙashin Gadona

A shekarar korona shinkafata ta nuna cikin watan azumi, kuma babu mai yanka ta.

Gonar tana fadama, gaba da garin Mutum Biyu. Mijina ne ya bar mini ita. Ni ina zaune a Nukkai, sai lokacin aiki nake komawa bukkar gona. Noman rani muke yi da injin ban-ruwa, kuma duk wanda ya san wannan fadama ya san halinta: da zarar ruwan sama ya sauka da ƙarfi sau biyu, shi ke nan, ruwa ya kwanta, shinkafar da ta nuna ta faɗi cikin taɓo ta tsira a wurin. A waccan shekarar har an yi yayyafi sau ɗaya.

Masu yi mini yanka ba 'yan nan ba ne. Mutum goma sha ɗaya ne daga Kamaru, ta wajen Garwa, kuma sun yi shekaru suna zuwa. Sukan shigo tun farkon rani, su yi aikin albasa da bugun bulo a ƙasar Adamawa, idan shinkafa ta fara ja su gangaro wurina. Babbansu dattijo ne siriri, ba ya yawan magana. Dada yake ce mini, wato uwa da Fillanci, duk da ban ba shi shekara goma ba.

Akwai abin da muke yi da su wanda ba a rubuta a ko'ina ba. Ranar da aka gama aiki, kowa zai wanke laujensa ya miƙo mini. In shafa musu mai, in naɗe cikin buhu, in tura ƙarƙashin gadona. Wanda ya bar laujensa ya ce zai dawo ke nan. In sun dawo, ni da hannuna nake miƙa wa kowa nasa a bakin gona. Idan kuwa na aika wa mutum laujensa ta hannun wani, ma'anarsa na sallame shi. Sau ɗaya na taɓa yin haka, ga wani mai dogon hannu, bai sake waiwayo mu ba.

Da aka sa dokar kulle aka hana fita daga jiha zuwa jiha, suna can ta wajen Adamawa. Ba su iya komawa gida, ba su iya isowa wurina.

Ɗana na biyu, malamin makaranta ne, shi ma lokacin yana zaune a gida, ya samo mini mutum biyar masu tuƙa keke napep da kulle ya hana su aiki. Ban ga laifinsu ba, ba sana'arsu ba ce, waɗanda suka iya yankan kuwa kowa yana kan gonarsa yana shirin damina. Suka shiga gona rana tsaka, shinkafa ta bushe ƙayau, suna fizga tana zuba. Na tsaya ina kallon ƙwaya a ƙasa kamar an watsa wa kaji. Kafin la'asar na ce su fito.

"Inna, ko yaya aka yanka ai ya fi a bar wa ruwa," in ji ɗana.

"Ka tsuguna ka duba ƙasa, sannan ka yi mini magana."

Ya tsuguna ya duba.

Bayan kwana biyu muka ji a rediyo cewa an ɗauke wa manoma da masu dakon abinci dokar, muddin suna da takardar izini. Ɗana ya yi kwana uku yana zarya a wani ofis a cikin gari kafin ya dawo da ita. Ya karanta mini sau biyu. Ni abin da na gane a jikinta hatimi ne kawai, na sa yatsa na shafa. Muka sami direba mai akori-kura zai je ya ɗauko su. Na sa aka ɗinka takunkumi goma sha ɗaya na atamfa.

Direba zai tashi ɗana ya ce, "Inna, kawo buhun nan a sa a mota. Idan an gan su da kayan aiki ba za a yi musu tambaya da yawa ba."

"Ba a aika lauje."

"Yanzu lokacin ya bambanta."

"Lokaci ne ya bambanta, ni ban bambanta ba. Ka ce wa direba ya tafi."

Da la'asar direba ya bugo waya. An tsare su a shingen da ke iyakar jiha. Shugaban masu tsaron ya karanta takarda, ya dubi bayan mota, ya ce shi bai ga manomi ko ɗaya ba. Ni kuwa na manta da wani abu: mutanen nan ba sa tafiya da kayan aiki a jiki. Kowa sai ya sa rigarsa ta Juma'a, ya goge takalmi, ya kafa hula. Mutum goma sha ɗaya tsaf-tsaf, ba lauje ba fartanya, Hausarsu ta baƙi. Aka sauke su a gindin bishiya aka ce gobe su koma inda suka fito.

Ɗana bai ce mini "ai na faɗa" ba. Da ya faɗa da ya fi mini sauƙi.

Washegari bayan asuba na jawo buhun. Ɗana ya samo mana wuri, ni da shi, a gaban wata babbar mota mai dakon doya zuwa Yola, tunda ita ba a tare ta. Duk hanyar idona yana gabas. Hadari ya taru baƙi ƙirin, ya tsaya wuri ɗaya, bai matso ba bai watse ba.

Na hango su tun daga nesa, a jere a gindin bishiya, rigunan sun yi ƙura. Shugaban shingen mutum ne kakkaura, takunkuminsa a haɓa.

"Mama, ina za ki? Ba ki ji an ce tsofaffi su zauna a gida ba?"

"Na ji. Kai ka fito da ni. Kuma gyara ƙyallen nan, a hanci aka ce."

Yaransa suka yi dariya. Ya ja takunkumin sama. Na kwance bakin buhu na zazzage a ƙasa. Ƙarar ƙarfen ta sa biyu daga cikinsu suka yi tsalle baya, ɗaya har ya kai hannu ga bindiga.

"Kai! Mama, mene ne wannan? Yaƙi za ki?"

"Da shinkafa. Ka ce ba ka ga manoma ba. To ga laujuna goma sha ɗaya, shekara guda suna ɗakina. Ka cakuɗa su yadda kake so, ka kira mutanen ɗaya bayan ɗaya."

Ya ɗaga ƙafa zai tura su da takalmi. Na ce, "Da hannu. Da su ake yanka abin da kake ci." Ya dube ni, ya dubi ɗana, ɗana ya kau da kai. Ya sunkuya ya cakuɗa da hannu.

Na farko ya zo, ko tsugunawa sosai bai yi ba, ya zaro nasa. Na biyu haka. Babu mai ɗaga wannan ya ajiye ya ɗaga wancan. Wani ƙotarsa an naɗe ta da robar taya, wani an ƙona mata layi uku, wani kuwa ni kaina ban san da me yake gane nasa ba. Da aka zo kan na shida, shugaban ya ɗauki ɗaya da kansa ya miƙa masa.

Mutumin ya juya shi a hannu ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan na bahago ne. Ga shi can yana jin kunya."

"Har lauje ma akwai na bahago?"

"In na yi yanka da shi yatsana zan kai gida a aljihu."

Shugaban ya yi dariya har takunkumin ya sake zamewa. Ya ce shi ma ubansa manomi ne, amma na rogo. Aka kawo abin auna zafin jiki aka ɗora wa kowa a goshi, har ni. Sannan ya ce su wuce, da sharaɗi: kai tsaye gona, kada su shiga gari, kada su shiga kasuwa sai sun yi sati biyu. Na ce wanda yake da shinkafa a tsaye ina ya ga lokacin kasuwa.

Za mu hau mota babbansu ya matso kusa da ni. "Dada, bana a bakin titi aka ba mu."

"Ba ni ma na ba ku ba. Kowa da kansa ya ɗauka."

"Kina tsaye a wurin ai." Ya dubi laujensa. "Da buhun nan ya zo jiya da direba ba ke, da mun karɓa mun ce useko, mun gode, mun juya."

Na dubi ɗana don in ga ko ya ji. Ya ji. Ni ma ban ce masa "ai na faɗa" ba, muka yi kunnen doki.

Washegari tun da raɓa suka shiga gona, sun koma cikin tsummokaransu na aiki. Haka suke yi: yanka da sanyin safiya lokacin da zangarniya take da laushi ba ta zuba, idan rana ta ɗaga su koma bugu a kan durom bisa tanfol. Masu azumi a cikinsu su yi na safe, Kiristocin su karɓi na rana. Ni ina bayansu ina duba ƙasa. Ƙwayar da na tsinta a wuni guda ba ta cika tafin hannuna ba.

Kwana tara suka yi. Kullum hadari ya taso ya zagaye mu ya wuce. A rana ta goma, da hantsi, saura wani ɗan lungu ta gefen rafi, iska ta juya. Suka jefar da yankan suka ruga aka ja tanfol aka rufe buhuna, aka danne da duwatsu. Sannan ruwa ya sauko, irin wanda ba ka ganin mutum a gabanka. Lungun nan ya tafi, na gan shi yana kwanciya. Ban ji zafin asarar ba.

Muka cunkushe a bukka, wani yana tsokanar bahagon wai shi ya ja mana ruwa. Na jingina da buhu ɗaya ina jin ɗumin shinkafar a bayana. Ni da ban taɓa barcin rana a gaban masu aiki ba, ranar sai tashina suka yi na yi azahar.