Ranar da Aka Ƙirga Jakunan Garinmu

Duk wanda ya bi ta ƙarƙashin gadar nan ta bayan garinmu, to ya sani a inuwata yake tafiya. Gwamnati ta kawo siminti da ƙarfe, amma basirar tawa ce. Ko ranar da haƙorana za su ƙare, ba zan manta yadda aka yi ba.

A shekarun baya ne da takin zamani ya fi zinare wuyar gani. Mu manoman arewa da birni sai muka ƙara riƙe abin da muka gada: da rani a kai itace birni a kan jaki, a ciko mangala da taki a dawo. Hanyarmu ɗaya ce, 'yar siririya tsakanin gonaki. Wanda bai kai taki gona da rani ba, ya san abin da zai tarar da kaka.

Ana nan sai ga wani injiniya da taswira, ya shimfiɗa ta a ƙofar gidan mai gari. Ya ce birni na tahowa, nan da shekara ashirin inda muke shuka gero gidaje ne, saboda haka tun yanzu suke zana babbar hanyar da za ta kewaye shi. Za a yi mata tudu, kuma za ta yanke tamu gida biyu.

Mai gari ya ce, "To jakunanmu fa, ta ina?"

Injiniya ya ce ai ya zauna a bakin hanyar kwana uku, daga hantsi ya ɗaga zuwa la'asar, bai ga komai ba sai keke biyu da wata tsohuwa. Ba a yin gada don tsohuwa ɗaya; sai dai mu riƙa zagayawa ta wajen Ungogo. Zagayen nan kuwa zai cinye rabin wuni.

Bakina bai taɓa neman izinina ba. Na ce, "Ranka ya daɗe, ka zo ƙirgar mutane lokacin da ƙadangare ma ke neman inuwa? Zo da asuba. Jaki dubu ke bin hanyar nan, ban da 'ya'yansu."

"Dubu?"

"Ranar da ba kasuwa ke nan."

Ya naɗe taswira ya ce, "Jibi ina nan."

Da ya tafi mai gari ya dube ni ya ce, "Sai ka je ka haifo su." Nan na shirya dabara da abokaina: duk wanda ya wuce gaban injiniya, ya zagayo ta bayan gonakin rogo, ya sake hula, ya sake wucewa.

Ranar, ana idar da sallar asuba ya zauna a gindin ɗorawa da takarda, kowane jaki ya ja masa layi. Ni kaina na sha mamaki. Kullum ina cikin ayarin, ban taɓa tsayawa na kalle shi ba. Jakuna daga ƙauyukan da ke hanyar Ɗambatta, wani bin wani, kamar an ɓare buhun gyaɗa. Amma da yake na riga na ce dubu, sai na wuce da hula, na dawo da rawani, na sake dawowa da malafa.

A na uku ya ɗaga hannu. "Malam, dakata. Kai kana sake hula, amma jakinka bai sake kunne ba." Jakina kuwa yagaggen kunne gare shi, duk ƙasar an san shi. Mutane suka fashe da dariya, shi kuwa ya keta takardar gida biyu. Ya ce, "Ni ma jaki na kora kafin na riƙe biro. Wannan ƙirgar ta ɓaci."

Na ga na rufe wa gari hanyar abincinsa da hannuna. Kwana da kwanaki ko gaisuwa ba na samu a masallaci.

Ashe mutumin dawowa ya riƙa yi da asuba, ba sanarwa, ya laɓe yana ƙirga abinsa. Bayan sati biyu ya zo ya nuna wa mai gari wani ɗan jan layi a taswira, ya ce nan za a bar mana mashiga ta ƙasa.

Taswirar ta yi barci a ofis har muka fitar da rai. Sai da furfura ta fara leƙo min sannan katafila ta iso, kuma ga mashigar nan daidai inda jan layin yake. Yau jakuna sun yi ƙaranci, amma 'yan makaranta da masu a-daidaita-sahu da masu kai mara lafiya asibiti duk ta nan suke bi, manyan motoci na gurnani a samansu. Na koyi cewa mai zana hanyar jikoki sai ya yi asubanci ya ga masu bin ta yau, kuma gaskiyarmu ta ishe mu ba sai an yi mata ƙari ba.

Kwanan baya ina ba baƙi labarin a zaure, na kai wajen "ni na sa aka yi ta", sai matata ta turo kwanon fura, ta ce daga bayan labule, "Malam, ka ji tsoron Allah. Jakuna ne suka samo mana gada. Kai da hulunanka uku saura ƙiris ku ɓatar da ita."