Ranar da Allon Dikko Ya Yi Shiru

Wautar tawa ce, kuma gara ku ji ta daga bakina kafin 'yan majalisar gindin dalbejiya su ƙara mata gishiri. Ni Bawa, manomin albasa a Dingyadi, da furfurata da komai, na yi wa taubashina ƙaryar ciwo don in ci man shanu.

Taubashin nawa Dikko ne, ɗan kawuna, makiyayi a wata ruga bayan Shagari. Tun muna yara zagi ne gaisuwarmu. Da kunnensa ya mutu, waya ta daina amfani tsakaninmu, sai ɗansa Sanusi da ke aiki a Legas ya kawo mana wata na'ura, ɗaya tawa ɗaya tasa. Faɗinta bai wuce tafin hannu biyu ba. Ba ta kira, ba ta ɗaukar hoto, wasiƙar imel kawai ta sani. In saƙo ya shigo, wata 'yar fitila a goshinta ta yi kore. Muka sa mata suna allo. Ni ajin yaƙi da jahilci kaɗai na yi, da yatsa ɗaya nake farautar baƙaƙe, amma zagi ba ya neman digiri.

Bara na rubuta masa: "Ina kwance, zaka da man shanu." Ya hau babur cikin ruwan sama ya zo, ya tarar da ni a gona ina cin rogo. Ya dire kwalbar man a gabana, ya rantse sai ya rama. Shi ya sa da nasa saƙon ciwo ya iso, dariya na yi. Sau uku ya rubuto, sau uku na mayar masa da martani. Daga nan fitila ta daina kore har kwana huɗu, alhali Dikko bai taɓa barin zagina ya kwana ba.

Dingyadi zuwa Bodinga

Ranar Asabar na fito ƙarfe biyar da rabi, ana sallame sallar asuba. Na sa allo cikin jakar fata, na ɗauki ɗan ƙullin albasa, don in na same shi garau in ce kasuwa na zo. Kun ga har lokacin kunyar faɗuwa wasa nake ji. Mai babur ya kai ni tashar Bodinga shida da kwata. Motar Shagari tana jiran mutum uku, muka yi zaman minti arba'in.

Direban, wani baƙi mai gajeren gemu, ya dube ni ya ce, "Baba, ina zuwa da sassahe haka, ko amarya aka nema?"

Na ce, "Wani maƙaryaci za ni kamawa."

Bakwai saura biyar muka tashi, mu bakwai da akuya guda.

Shingen bayan Sifawa

Mun wuce Sifawa kaɗan aka tsayar da mu. Zamanin nan ba a wasa da kayan da ba a gane ba, domin masu kai wa 'yan daji labari sun ɓata wa kowa hanya. Jami'in da ya buɗe jakata ya ciro allo, ya jujjuya shi.

"Baba, wannan da wa kake magana da shi?"

"Da kurma, ranka ya daɗe."

Bai yi dariya ba. Ya ce in kunna. Ya karɓa ya shiga karantawa da ƙarfi, duk mota ana ji.

"Bawa, ƙirjina ya riƙe, ba ni fita kiwo." Ya danna. "Amsa: Rowa ce ta tsaya maka, ka yanka sa guda ta wuce."

Fasinjoji suka tuntsire, ni ma na ɗan gyara hula.

"Bawa, wanga karo ba wasa ba ne, ka zaka." Ya danna. "Amsa: Ni na koya maka wannan dabara, nemi wata."

Dariya ta ragu.

"Bawa, ina son ganinka, mu yafi juna." Ya danna, ya karanta amsata. "In ka mutu ka aiko mani, in zo gadon shanu."

Ba wanda ya yi tari. Ashe magana in ta fito daga bakin wani, ba ta da irin daɗin da take da shi a yatsanka. Ya dubi ranar saƙon, ya miƙo mini allo da hannu biyu, ya ce wa direba, "Ku tafi, kar ku ɓata masa lokaci."

Lambara

Takwas saura kwata taya ta fashe daf da Lambara, safaya kuma ba iska. Direba ya garaya da ita wajen mai faci, muka yi awa ɗaya da rabi a bakin hanya. Wata dattijuwa cikin fasinjoji ta saya mini ƙosai na ɗari biyu. Guda ɗaya na ci, na ajiye sauran.

Na koma bayan mota na buɗe allo, da niyyar in rubuta "ka yafe mani". Na daɗe ina kallon baƙaƙen. Shekara sittin ban taɓa yi wa mutumin nan magana mai laushi ba, yatsan bai san hanya ba. Abin da ya fita shi ne: "Ga ni tafe, ka sa a dama fura, maƙaryaci." Na aika.

Shagari zuwa ruga

Goma saura minti goma muka shiga Shagari. Na sami babur zuwa ruga, tafiyar kamar kilomita bakwai cikin yashi da gonakin gero. Da na ambaci sunan Dikko, mai babur ya waigo ya dube ni, ya ce, "Hau, Baba," bai yi ciniki ba. Na hau, muka kama hanya.

Goma da rabi na hango tabarmi shimfiɗe ƙarƙashin gawo, da takalma jere. Shanunsa na turke har lokacin, ba wanda ya kora su. Jiya bayan la'asar aka kai shi. Wanda aka aika Dingyadi ya sanar da ni ya tashi da safen nan, mun yi saɓani a hanya.

Aka raka ni kabarin, ƙasar ba ta gama bushewa ba. Na tsuguna na faɗi abin da yatsa ya kasa rubutawa. Ko da rai ma ba ya ji, balle yanzu.

Da na shiga yi wa matarsa Hajjo gaisuwa, ta ɗauko allonsa daga ƙarƙashin matashi. Fitila tana kore.

"Malam Bawa, tun hantsi take haka. Duba mani, ko Sanusi na, shina bisa hanya."

Na buɗe, na ga fura da maƙaryaci. Na ce mata, "Ba kowa ba ne, wani mahaukaci ne." Na kashe.

Komawa gida

Kwana biyu na yi a bukkar baƙi, har aka yi sadakar uku. An kawo tuwon gero da fura, ita furar ban iya taɓa ta ba. Albasar nan da na zo da ita ta shiga miyar masu makoki. Ranar Litinin ƙarfe biyu na bar ruga, na sami mota a Shagari uku da kwata, na sauka Bodinga huɗu da minti goma, na shiga gida kafin magariba. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni. Na gode wa direba, da baiwar Allah mai ƙosai, da jami'in da ya karanta mini kaina.

Allo yana nan a jaka. Kullum da safe ina buɗewa, ban san abin da nake nema ba.

Ranar da zan taho, Hajjo ta biyo ni har bakin shinge. Ta ce saƙona na gadon shanu Dikko ya karanta shi da kansa, ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, kwana biyu yana sa a juya masa fuska wajen hanya. Sannan ta gyara lulluɓi ta ce:

"Yac ce in ka zaka ka iske an rufe shi, in tambaye ka: to, Bawa, wa yac ci wasan?"