Gaurakan da Na Yanke wa Fiffike

Gonar ranina tana bakin wata fadama ce a hanyar garin Babban Mutum. Shekarar da na yi aure hukuma ta kafa allo a wurin, ta hana harbi da ɗana tarko, ta sa wani dattijo gadi. Mu kuwa muka laƙaba masa makiyayin tsuntsaye, yana wucewa muna tambayarsa ko sun fara ba da nono.

Ni mutum ne mai son a gani a yaba. Na ƙwallafa rai sai na ajiye gauraka a tsakar gida yadda manya suke yi. Na ɗana tarkon izga cikin ciyawa, kwana biyu na samu namiji, mai tukku kamar sabuwar tsintsiya. Masu kiwonsa gashin fiffike kawai suke ragewa, bayan watanni ya sake tsirowa. Ni na ga wannan wahala ce, sai na sa wuƙa a gaɓar fiffike ɗaya na datse shi gaba ɗaya.

Washegari da hantsi matar gaurakan ta zo. Ta yi ta kewaya saman gidanmu tana kuka, shi yana amsawa daga gindin rumbu. Kullum haka. A kwana na biyar Inna ta ajiye ludayinta ta ce, "Wallahi ba ni ƙara shan fura a gidan nan sai ka maida shi."

Na kai shi wurin dattijon ina jiran faɗa. Ya buɗe fiffiken, ya daɗe yana duban dungun.

"Ɗana, wa ya koya maka haka? Wannan ai ba ya tsirowa."

Da ya zage ni da na fi jin daɗi.

Muka sake shi a bakin ruwa. Matar ta sauka, suka yi ta tsalle suna rusuna wa juna, har na ce a raina ai shi ke nan. Amma ruwa ya ja baya, garken 'yan'uwansu ya tashi neman wani tafkin. Ita ta tsaya kwana uku. Ran na huɗu ina cikin ban ruwa ta tashi, ta kewayo sau biyu tana kira. Shi kuma ya bi ta a guje cikin busasshen taɓo, ya yi tsalle ya faɗi ta gefe ɗaya, ya miƙe, ya sake gwadawa.