Shekarar da Akwatin Kaka Ya Yi Nauyi

Kakata ba ta ba da labari sai da wuta a gabanta. Mu kuwa a Greensboro ta Amurka, a hawa na biyu na wani dogon gini bayan titin Wendover, murhun lantarki kawai gare mu, wanda ta ce ba wuta ba ce, jan ƙarfe ne mai fushi. Saboda haka Baba ya sayo mata ɗan murhun gawayi. Ranar farko ta hura shi a tsakiyar falo, ƙararrawar hayaƙi ta kama ihu har maƙwabta suka fito. Tun daga ranar take kiran abin nan munafukar rufi, mu kuma muka koma baranda.

Ina da shekara shida aka kawo ta daga ƙauyenmu na bayan Zariya don ta riƙe ni, domin Mama tana aikin kula da tsofaffi, Baba kuma yana ɗaukar kaya a wani sito. Sunanta Rifkatu, nawa ma haka, shi ya sa ba ta taɓa kira na da wani suna ba sai Takwara. Da yamma, bayan mun ci tuwo, rana ba ta gama faɗuwa ba, sai ta shimfiɗa zane a baranda ta miƙe ƙafa. Motoci suna ta wucewa a ƙasa kamar kogi. Kafin ta fara sai ta tambaye ni:

"Tatsuniya kike so ko gaskiya?"

In na ce tatsuniya, sai kura da zomo. In na ce gaskiya, sai ta gyara ɗankwali ta shiga labarin Nuhu, ko Yusufu da 'yan'uwansa, ko Rut a gonar sha'ir. Ba ta iya karatu ba, amma duk suna cikin kanta. Kuma ba ta wasa da kalmar nan. In ta ce gaskiya, to gaskiya ce.

Yammacin da na fi so a duk shekara shi ne na Alhamis kafin Ista. A hawan da ke ƙasan namu akwai wata tsohuwa Bayahudiya, Madam Esta, wadda ba ta jin Hausa, Kaka kuma ba ta jin Turanci, amma sukan yi awa guda suna hira da hannu. Wata shekara ta aiko mana da busasshen burodi mai kama da kwali, Baba ya fassara mana bayaninta a kan Idin Ƙetarewa, na tunawa da fitar Isra'ila daga Masar. Kaka ta ɗanɗana, ta ce labarin namu ne duka, amma burodin nan yana buƙatar taimako. Daga nan ta kafa nata idin.

Fulawa take kwaɓawa da ruwa da gishiri da ɗan mai, ba yisti, ba a kuma barin kwaɓin ya huta ko na minti ɗaya. Ta murza shi fale-fale, ni in caccaka shi da cokali mai yatsu, ta gasa a busasshen kasko. Shuwaka kuwa ba ta wanke ta, ta ce ranar nan ɗacin ake nema. Ta daka dabino da gyaɗa su zama kamar laka, wai kwaɓin tubalin da bayi suka yi wa Fir'auna. Naman rago daga wurin wani Alhaji ɗan Maraɗi muke saye, kullum kuma sai ya tsokane ta.

"Mama, layyarku ta zo ke nan?"

"Tamu ta girmi taka, Alhaji. Yanko mini cinya, ka bar ƙashin yadda yake."

Tana barbaɗa yaji tana cewa ba ta ji inda Musa ya hana ba.

A tsaye muke ci, kowa da takalmi a ƙafa, Kaka da sandarta a hannu. A bakin ƙofa kuma sai an ajiye tsohon akwatin da ta zo da shi daga gida, alamar mun shirya tafiya. Aikina ne in jawo shi daga ƙarƙashin gadonta. Ba komai a ciki, har ɗora shi nake yi a ka ina rawa. Aikina na biyu shi ne tambaya. Madam Esta ta ce a teburinsu ƙaramin yaro ne yake tambaya, manya su amsa, Kaka kuwa ta riƙe wannan da hannu biyu. Ta ce a yammacin nan yaro ya yi tambaya ba a kore shi, ba a kuma yi masa ƙarya.

Bayan an ci sai mu fita baranda ta ba da labarin. Yadda mutanen Isra'ila suka daɗe suna bauta a Masar, yadda annoba ta bi annoba Fir'auna yana taurin kai, har Musa ya bi gida gida yana cewa a yanka ɗan rago a shafa jinin a bakin ƙofa, mutuwa ta gani ta ƙetare.

"Sai matan suka ce, Malam Musa, ai kwaɓinmu bai tashi ba. Ya ce ku naɗe shi a zane ku ɗora a kafaɗa, in yana so ya tashi a hanya. Haka suka fita, Takwara, da tsofaffi da jarirai da awaki, ba wanda ya waiwaya."

Ina da shekara tara na yi mata wata tambaya da ba ta cikin tsari. Na ce yaran Masar fa, waɗanda suke wasan ƙasa da yaran Isra'ila, an gaya musu za a tafi?

Ta daɗe tana juya gawayi.

"Wa zai gaya musu? Da safe suka leƙa, suka tarar da toka a murhu."

"Wannan ba kyau."

"Ba kyau."

"Ke za ki yi mini haka?"

"Ni? Da wace gwiwar? Matakalar nan ma sai kin riƙe ni."

"Tatsuniya ko gaskiya?"

"Gaskiya," in ji ta. Na kwantar da kaina a cinyarta, hankalina kwance.

Shekarar da na cika goma sha ɗaya, ranar Alhamis ɗin, na durƙusa na kama hannun akwatin, ya ƙi motsi. Sai da na sa hannu biyu, na ja shi a ƙasa har bakin ƙofa ina haki. Da muka tsaya a gaban tebur, lokacin tambaya ya yi, ban tsaya neman wata ba.

"Kaka, me ya sa bana akwatin ya yi nauyi?"

Baba ya sunkuyar da kai kan farantinsa. Mama ta ce bari ta ɗauko ruwa, alhali ga ruwa a tebur.

"Na ga kin girma ne," in ji Kaka. "Akwati ba kaya wasan yara ne. Bana na cika shi don mu ji irin nauyin da suka ɗauka."

"Tatsuniya ko gaskiya?"

Ta gutsuri burodi, ta dangwali shuwaka, ta tauna har ta haɗiye.

"Gaskiya."

Daɗi ya kama ni. An ce na girma. Yammacin nan ta ba da labarin ya fi na kullum tsawo, har gawayin ya zama fari, ni kuwa ina ta alfahari da akwatinmu mai nauyi.

Washegari da safe ta yi mini kitso ƙanana, masu daɗewa ba su tsufa ba. Anti Talatu ta cocinmu ta zo ta ɗauke ni zuwa koyon waƙar Ista, can gabashin gari. Da zan fita Kaka ta ce in buɗe baki da kyau in ina waƙa, in daina cin kalmomi kamar Baturiya. Abin da ta ce mini ke nan na ƙarshe a gidan.

Da aka dawo da ni da rana, bakin ƙofa fayau. Ba akwati, ba sanda, ba takalmanta na roba. A baranda an wanke murhun an kife shi. Mama tana zaune a tebur, gabanta faranti a rufe, ragowar burodin jiya.

"Kakarki ta koma gida. Babanki ya kai ta filin jirgi."

"Ai nan ne gida."

"Ita ce ta roƙa kada a gaya miki."

Daga baya na gano kowa ya sani. Anti Talatu ta sani, shi ya sa ta biya da ni shan ayis kirim a hanya. Matan coci sun ba ta saƙonni ta kai. Alhaji mai nama ya sani. Har Madam Esta, wadda ba ta jin kalma ɗaya ta Hausa, an yi mata sallama da hannu. Ni kaɗai, mai aikin tambaya, aka bar ni na jawo akwatin da hannuna.

Fiye da shekara ban yi mata magana ba. Baba yakan kankare katin waya ya buga, ya miƙo mini, in shige ɗaki. Ranar da na karɓa, muryarta ta zo da carar zakara a bayanta.

"Takwara, har yanzu fushi?"

"Kin ce gaskiya."

"Na ce." Sannan ta ci gaba. "Shekara biyar ban taka ƙasa da tafin ƙafata ba. Ƙanwata ta mutu ban je gaisuwa ba. Ba wanda ya kira sunana daga bayan danga. Da kin yi kuka a gabana, da na zauna, da a barandar nan zan ƙare ina ƙirga motoci."

"To da kin bar ni na yi kukan."

A nan katin ya ƙare.

Ta rasu ina jami'a, a ɗakinta, cikin danginta da kajinta, yadda ta so. Yanzu na fahimce ta. Na san irin ɗakin da muka rufe ta a ciki da sunan ƙauna, na san ba ta ƙi ni ba. Amma fahimta ba ta cire ɗacin ba. Duk shekarun nan da muke cin burodin a tsaye, na ɗauka ni da ita muna cikin masu fita, kafaɗa da kafaɗa. Ashe ita kaɗai take shiri. Gidanmu ne Masar ɗinta, ni ce kuma yarinyar da ta leƙa da safe. Ba tafiyar ce ta fi ci mini rai ba, kalma ɗayan nan ce, a ranar da ita da kanta ta ce ba a yi wa yaro ƙarya.

Har yau ina yin idin, da fulawa da shuwaka da dabino, yadda ta koya mini. Ina da 'yar ƙaramar yarinya, ita ce mai tambaya yanzu. Akwati yana bakin ƙofa, sai dai nawa a buɗe nake barinsa. Bara ta dube shi ta ce, "Mami, tafiya za ki yi?"

Na buɗe baki zan ce mata a'a, gaskiya. Sai na fasa, na ce ta je ta duba da kanta. Ta je, ta sa hannu har ƙasan akwatin, ta laluba kowane lungu, ta dawo ta ce babu komai.

Sannan muka ci.