Saƙon da Na Kai Kelantan Na Dawo da Shi

A shekarata ta uku a Alƙahira mu huɗu ne a wani gida a unguwar Hayyus Sabi', hawa na biyar, kuma lif ɗin ya mutu tun kafin mu tare. Uku 'yan Najeriya ne, na huɗun ɗan Malesiya ne daga jihar Kelantan. Ɗaki ne ya rage mana, shi kuma yana neman inda 'yan ƙasarsu ba za su sa masa ido ba. A lokacin ban tambayi dalili ba. Abin da na sani shi ne ya iya girki, har zuwansa ya kashe rigimar da muke yi kullum a kan wanda zai dafa taliya. Ɗan ƙaramin mutum ne, maganarsa ƙasa-ƙasa, in zai yi dariya sai ya rufe baki da hannu.

Ni kuwa Allah ya yi ni da baki. In mai gida ya taso da faɗa, ni ake turawa. In an yi wa wani ɗalibi rasuwa a gida, ni ake cewa in je in sanar da shi, wai na iya bi da magana. Na yarda da hakan ɗari bisa ɗari, har ina jin kaina.

Da hutun ƙarshen shekara ya matso, yayana da ke digiri na uku a Kuala Lumpur ya aiko mini da tikiti. Na je kasuwar Ataba na sayi jakar goyo irin ta Turawa masu yawon duniya, mai igiyoyi ta ko'ina, waɗanda har yau ban san amfanin rabinsu ba. Shirina shi ne in yi mako biyu wurin yayana, sannan in hau jirgin ƙasan da ke ratsa daji zuwa arewa, in riƙa sauka inda na ga dama. Ni mutumin Gusau ne, dajin da na sani kana hango ƙarshensa. Ina so in ga wanda rana ba ta taɓa ƙasa a cikinsa.

A cikin ɗaliban Alƙahira duk wanda zai yi tafiya ya zama ɗan aike. 'Yan Malesiyar da ban taɓa gani ba suka yi ta hawowa da ƙullin dabino da man habbatus sauda da ƙananan littattafai, kowanne da lambar waya a jiki. Abokin zamana bai kawo komai ba. Sai ana jibi zan tashi ya same ni a kicin bayan la'asar, ya tura ƙofa, ya ce da Larabcin da muke magana da shi, "Ya akhi, nawa saƙon ba na jaka ba ne."

Ashe shekara biyu ke nan ba ya cikin jami'a. Ya faɗi jarrabawar aji biyu sau biyu, aka cire sunansa. Fitar da yake yi kullum da safe da littafi a hannu, wani gidan abinci na 'yan ƙasarsu yake zuwa yana soya shinkafa. Babansa kuwa a ƙauye yana lissafin saura shekara ɗaya ɗansa ya dawo malami. Ya ce ya sha ɗaukar waya zai faɗa, amma tsohon a bainar jama'a yake amsa kira, ya buɗe murya kowa na ji, uwa da ƙanne da maƙwabta. In kuma ya aiki ɗan garinsu, kafin jirgi ya sauka labari ya gama ƙauye.

"Kai baƙo ne, kuma ka iya magana," in ji shi. "Ka samu babana shi kaɗai ka gaya masa. In ya ce in dawo, a watan nan zan dawo. Wallahi na gaji."

Na dafa kafaɗarsa na ce, "Halas, shi ke nan, ka bar mini. Wannan ai ƙaramin abu ne." Haka na faɗa, da bakin nan nawa.

Na gama kwanakina wurin yayana, na raba kayan mutane, na hau jirgin ƙasan. Tafiya ce ta a hankali, jirgin yana tsayawa a tashoshin da ba ka ganin komai sai rumfa ɗaya da mata masu kwandunan kayan lambu. Na kwana biyu a wani gari da duwatsu suka tsaya a bayansa kamar bango, a masaukin da aka jera gadaje shida a ɗaki ɗaya. Akwai wasu Turawa biyu da suka yi ta mamakin ganin baƙin mutum da jakar goyo, ni ma na yi ta mamakin yadda mutum zai yi kwana uku da riga ɗaya. Daga can na sake hawa jirgi, na sauka a wata ƙaramar tasha, mai babur ya kai ni ƙauyen ta cikin gonakin roba.

Gidan na katako ne, a ɗage a kan dogayen ginshiƙai, kaji suna kiwo a ƙarƙashi. Tsohon yana tsaye a bakin matakala yana jirana. Ya yi karatun zaure irin nasu tun yana saurayi, saboda haka yana jin Larabci, irin na littafi, yana fitar da kowane harafi a natse. Ina faɗin wannan ne don kada wani ya nema mini uzuri da rashin yare. Duk abin da na so faɗa masa, da zai fahimta.

Ya riƙe hannuna da hannu biyu ya ce, "Yaya ka baro ɗana?"

Na ce, "Lafiya lau, Baffa. Yana gaishe ku."

A wurinmu haka ake yi. Ɗan aike ba ya sauke mugun labari a bakin ƙofa. Sai ka amsa lafiya, ka sha ruwa, ka ci abinci, ka bari gida ya natsu, sannan ka ja mai gida gefe ka fara daga nesa. Na ga baffana yana yin haka tun ina yaro, ni ma haka nake yi a Alƙahira ana yaba mini. Don haka ranar farko ban ji komai a raina ba. Na ci shinkafa mai launin shuɗi da kifi da ganye, uwar gidan tana leƙowa tana ƙara mini, tana tambaya ta bakin mijinta ko ɗanta yana cin abinci sosai.

Rana ta biyu aka kai ni masallaci. Da aka tayar da sallar magariba sai liman ya ja baya ya tura ni gaba, wai wanda ya zo daga Masar ba ya bin kowa a nan. Bayan sallama tsofaffi suka kewaye ni, tsohon yana nuna ni yana cewa abokin karatun ɗansa ne. Na ce a raina yau ma ba rana ba ce, mutum ba ya kunyata mai masaukinsa a ranar da ya yi alfahari da shi. Gaskiyar magana kuma, daɗin girmamawar nake ji.

Rana ta uku ya ce tunda daji na zo gani, shi da kansa zai kai ni. Muka fita bayan asuba mu biyu, shi da adda a ɗaure a ƙugu da takalmin roba, ni da jakata da takalmin da na saya don hoto. Ya miƙo mini wata doguwar safa ta yadi ya ce in ɗaura a kan wando, na ce a'a, ba na bukata. Muna wuce gonakin roba duniya ta canza. Itatuwa sun haɗe a sama, ƙasa a jiƙe, ko'ina ƙara kake ji ba ka ganin mai yin ta. Gumi ya jiƙa ni sharkaf kafin mu yi nisa. Tsohon da ya haura sittin yana tafe yana sare reshe, yana nuna mini inda alade ya yi tono da inda birai suka ci 'ya'yan itace suka zubar, ni ina baya ina haki ina riƙe saiwoyi. Sau biyu na zame na zauna daɓas a laka, sau biyu ya yi kamar bai gani ba.

Wajen azahar muka iso wani rafi da ke gangarowa daga kan dutse. Da na naɗe wando zan yi alwala na ga ƙafafuna, sai da na yi salati da ƙarfi. Matsattsaku ne sun fi goma, sun sha sun yi ɓul-ɓul, jini yana bin ƙwauri. Tsohon ya zaunar da ni a kan dutse, ya jiƙa ganyen taba a tafin hannu, ya durƙusa a gabana yana matsa ruwan a kansu ɗaya bayan ɗaya suna faɗuwa. Ya wanke mini jinin da hannunsa. Bai ce mini ai na gaya maka ba.

Muka yi salla, ya kwance shinkafa daga ganyen ayaba muka ci. Babu kowa, babu waya, babu maƙwabci. In da zan roƙi Allah ya shirya mini wuri, ba zai wuce wannan ba. Har na fara jera kalmomi a raina, zan fara da cewa ilimi rabo ne. Sai shi ya riga ni.

"Ɗana, ka gaya mini gaskiya," ya ce. "Yaya karatunsa? Muryarsa ta canza a waya. Na daɗe ina jin wani abu."

Da kansa ya buɗe mini ƙofa. Ko kai kawai na sunkuyar, da ya gane. Na dubi hannunsa da ya gama wanke mini ƙafa, na dubi fuskarsa, sai na ji bakina yana cewa, "Mumtaz ne, Baffa, yana sahun gaba a ajinsu. Gajiyar karatu ce kawai." Ban tsaya nan ba, kuma wannan ne abin da ya fi ci mini rai. Na ƙara da cewa, "Mu ma in nahawu ya ɗaure mana kai, wurinsa muke zuwa." Ba wanda ya tambaye ni wannan. Bakin da ake yabo ne ya ga fili ya yi gudu.

Tsohon ya share ido da gefen rawaninsa, ya yi hamdala sau uku. Sannan ya ce in taso in ga wani abu. Muka haura gaba kaɗan, ya nuna mini wasu manyan itatuwa da ya shafa wa jan fenti. Katakon makaranta ne, ya ce, wadda yake so ya gina a gefen masallaci don ɗansa ya koyar in ya dawo. Ya daɗe da yi musu alama amma ya kasa sa gatari, saboda zuciyarsa ba ta kwanta ba.

"Yanzu ta kwanta," in ji shi.

A hanyar dawowa na ce zan gyara gobe. Da gobe ta yi na ce sai a tasha. A tasha ya riƙe mini jaka har jirgi ya zo, na ce zan rubuto wasiƙa daga birni. Na yi sauran kwana goma ina yawo, na shiga kasuwar Kota Bharu, na hau kwalekwale zuwa wani tsibiri, na bi wani dajin da 'yan yawon buɗe ido. Na ɗauki hotuna da yawa ina murmushi. Sau huɗu abokina ya turo saƙo yana tambaya ko na isa, na bar shi a kan cewa babu sabis a daji.

Ranar da na koma Alƙahira na same shi a kicin yana yanka albasa. Na tsaya a bakin ƙofa da jawabin da na shirya tun a jirgi. Bai ɗago ba ya ce, "Babana ya kira ni. Sun fara saran itatuwan. Liman ya sanar ranar Juma'a, kowane gida zai ba da mutum ɗaya."

Na ce, "Ma'alish, ka yi haƙuri, ya akhi. Ba ni lambar, yanzu zan kira shi in faɗa masa ƙarya na yi."

"Da can shi kaɗai zai ji kunya, a cikin ɗakinsa," ya ce. "Yanzu sai dai a gaban mutanen da suka ɗauko masa katako a kafaɗa. Bar shi."

Bai zage ni ba, bai ɗaga murya ba. Na so ya yi, don in samu abin da zan riƙe in ce shi ma ya yi mini. Ya ci gaba da girka mana abinci har ƙarshen wata, sannan ya kwashe kayansa ya koma unguwar Ainu Shams. Sauran abokan zamana suka yi ta tambayar abin da aka yi masa, na ce ni ma ban sani ba.

Kusan shekara ban sa shi a ido ba. Rannan da hantsi aka ƙwanƙwasa ƙofa, na buɗe na gan shi, ya rame, da ƙunshi a leda a hannunsa. Na ce ya shigo, ya ce yana sauri, aiki na jiransa. Ya ce wani ɗalibi ne ya dawo daga hutu, tsohon ya ba shi wannan ya ce a kawo mini, tukwicin albishir ne. Na tambaye shi yaushe zai je gida. Ya ce an gama rufin makarantar, saura tabarmi.

Na karɓa zan ajiye a gefe, ya ce a'a, in buɗe. Zane ne na maza irin wanda suke ɗaurawa zuwa masallaci, sabo fil, mai ratsin kore. Ya tsaya har na warware shi gaba ɗaya na riƙe a hannu.

"Tamam," ya ce. "Ya ce in ba ka hannu da hannu. Yanzu in ya tambaya zan ce masa saƙo ya isa."