Bututun Hagu na Motar Ammi Idrisu

Har gobe ban manta da ranar da Ammi Idrisu ya dawo mini da motarsa ya ce in cire aikin da na yi masa ba. Shekarata ashirin da bakwai ina waldar shakman a Jidda, tun ana aike na in miƙo guduma har aka fara ce mini Mu'allim Haruna, kuma ba a taɓa dawo mini da aiki don ya yi kyau ba sai ran nan. Ku da kuka shigo warsha, wato garejin nan namu, bara da bana, na rubuta muku ne don na gaji da faɗa da baki. Ni ba ɗan boko ba ne, ku karanta haka nan.

Ga wanda bai san aikin ba: shakman shi ne abin da mutanenmu na Najeriya ke ce wa salansa. Akwai bututun da ke fitowa daga inji, sai dabba, wato tukunyar da ke shanye ƙara, sai bututun wutsiya da ke fitar da hayaƙi ta baya. Mota mai silinda takwas yawanci wutsiya biyu gare ta, dama da hagu. Duk shekara mota tana zuwa fahas a duba lafiyarta, in shakman yana yoyo ba za ta wuce ba.

Lokacin zafi ne, 'yan makonni bayan alhazai sun watse, muna nan warsharmu ta Mahjar. Ammi Idrisu, wato Baffa Idrisu a Larabcin nan, dattijo ne haifaffen nan kamar ni, ya haura saba'in, a tuƙin bas ɗin alhazai ya ƙare ƙarfinsa. Motarsa tsohuwar Ba'amurkiya ce mai ƙofa biyu da dogon hanci, koriya, irin wadda samari ke bi suna roƙon a sayar musu. Shi kuwa cefane yake zuwa da ita. Ya zo da takardar fahas a hannu, an kayar da shi saboda tsatsa ta huda wutsiyoyin duka biyu.

Da muka ɗaga motar na shiga ƙarƙashi, sai da na yi dariya. Na dama na kamfani ne, inci biyu da kwata, ya miƙe har ƙasan bamba. Na hagu kuwa bututun ruwa ne, wallahi, irin na famfon gida, inci biyu, gajere, an lanƙwasa bakinsa yana kallon ƙasa. Na ce, “Ya ammi, wane jaki ne ya yi maka wannan?”

Ya ce, “Kar ka zage shi, ya waladi, ɗana. A hanyar Ɗa'ifa na daki dutse, Yusuf yana goye a lokacin. Wani bawan Allah ne a bakin hanya ya haɗa mini da abin da yake da shi.” Yusuf ɗin nan babban ɗansa ne, yanzu yana da furfura.

Na shimfiɗa masa bututu kala uku a ƙasa, yadda muke yi wa kowa. Na farko baƙin ƙarfe, inci biyu da kwata, daidai da na kamfani, amma laimar Jidda da gishirin teku suna cinye shi cikin 'yan shekaru. Na biyu istil, biyu da rabi, ba ya tsatsa. Na uku inci uku mai baki yana ƙyalli, na samarin da ke son tashin unguwa. Na ce ya ɗauki na biyu, har jikokinsa za su gaje shi.

Ya daɗe yana juya shi a hannu. Sai ya ce, “Ƙararta ba za ta canza ba?”

Na ce, “Dabba ce ke yin ƙara, ya ammi, ni kuwa ba zan taɓa dabba ba. Halas, shi ke nan, je ka sha shayi.”

A nan na yi kuskure. Dattijo ya yi tambaya, na ba shi amsar da ke bakina, ban ce masa me ya sa ka tambaya ba. Na yanke tsofaffin na wurga su bayan warsha kan tarin ƙarafa. Na sa sababbi biyu, tsawo ɗaya, faɗi ɗaya, walda kamar ɗinkin tela. Mai warsha, Abu Salih, ya leƙo ya ce masha Allah. Mota ta je fahas ta wuce.

Kwana biyar sai ga shi. Ya zauna kan benci, ya gaishe ni, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya ce, “Aikinka ya yi kyau, Haruna. Amma cire shi za ka yi.”

Na ce, “Yoyo yake?” Ya ce a'a. “Yana bugun jiki?” Ya ce a'a. Raina ya fara ɓaci. Na ce, “To mene ne?”

Sai ya ba ni labarin matarsa, Khala Zainabu, wato Inna Zainabu. Ciwon suga ya tafi da idonta shekara shida. Suna zaune a bene hawa na biyu a Madain Fahd, tare da Yusuf da matarsa. An hana ta girki, an hana ta guga, ko tsintsiya ba a barin ta ta ɗauka. Abu ɗaya ya rage mata. In la'asar ta yi takan zauna kusa da taga. Da motar ta karyo kwanar mai tamis, wato mai gasa burodi, tun daga nan take gane ta cikin duk motocin layin. Sai ta tashi, ta bi bango, ta zare sakata, ta buɗe ƙofa kafin ya gama hawowa. Shekara shida bai sa makulli a ƙofar gidansa ba.

Ranar da na sa masa sababbin bututu, ya hawo ya tarar da ƙofa a rufe. Da ya murɗa makulli ta firgita, ta ce wane ne. Washegari ma haka. Rana ta uku ta daina zama a taga. Ta ce wa surukarta, “Ido ya tafi, ga kunne ya bi shi.”

Na ce, “To ka faɗa mata bututu aka canza mana.”

Ya ce, “Na faɗa, sau nawa. Ta ce haka muka yi mata lokacin ido, muka yi ta cewa tabarau ne ya tsufa. Ba ta yarda da bakin kowa yanzu, ya waladi. Abinci ma sai an yi da ita.”

Na tashi na zagaya bayan warsha. Mai kwasar ƙarafa ran Alhamis yake zuwa, ranar kuwa Laraba ce. Na yi ta tono cikin rana har na samo na hagun, bututun ruwan da na yi wa dariya. Na daman ban gan shi ba, amma shi na san awonsa.

Abu Salih ya same ni ina awo. Da na yi masa bayani ya ce, “Kana so mota ta fita daga warshata wutsiya ɗaya doguwa ɗaya gajeriya? In an tambaya a ce aikin wa?”

Na ce, “A ce aikin Haruna.”

Ya ce, “Fahas fa?”

Na ce, “Su yoyo da hayaƙi suke dubawa, ba kyan gani ba.”

Ya kaɗa hannu ya ce, “Yalla, kai da tsohonka.”

Karon farko na yi wayo. Na sa na dama biyu da kwata, na hagu inci biyu bakinsa a ƙasa, amma duka da istil, don kar tsatsa ta sake ci. Kuma na ɗan ƙara wa na hagun tsawo, saboda idona ya kasa jure ganinsa guntu. A kunnena ƙarar ta dawo sak. Muka yi shawara kar a faɗa mata komai, don in an faɗa za ta ce lallashi ne. Shi ya roƙi surukar ta zaunar da ita kusa da taga da sunan shan iska. Bayan la'asar na shiga gefensa muka tafi. Muka karya kwanar mai tamis a hankali, muka tsaya, muka hau. Ƙofa a rufe. Dattijon nan ya tsaya gaban ƙofar riƙe da makulli, ya kasa sawa. Ni na juya na sauka, bas na hau na koma.

Da safe na ajiye tsohon bututun a benci na yi abin da ya kamata in yi tun farko. Na ƙwanƙwasa shi da sifana, ya ce dum. Na ƙwanƙwasa istil, ya ce ƙil. Bututun ruwa kauri gare shi, istil kuwa siriri ne, yana ƙara wa sauti wani zaƙi. Ga kuma taƙi guda da na ƙara da gangan. Dama da hagu ba sa fitar da murya ɗaya, shi ya sa motar take wani gurnani mai ɗingishi in an sassauta mata a kwana. Ni da nake kwance ƙarƙashin motoci shekara ashirin da bakwai ban ji shi ba. Ita daga hawa na biyu take ji.

Na je Sharafiyya wurin masu kayan famfo na sayi bututun ruwa baƙi, inci biyu. Mai shagon ya san ni, ya ce, “Mu'allim, ka koma gyaran banɗaki ne?” Na ce masa ya yi awo ya rufe baki. Na yanka daidai da tsohon, ban ƙara ko ƙwayar shinkafa ba, na lanƙwasa bakin yadda bawan Allahn can ya lanƙwasa, har karkacewar. Na dama na mayar da baƙin ƙarfe. A rayuwata ban taɓa yin mummunan aiki da natsuwa irin wannan ba.

La'asar ta yi muka sake tafiya. Ya karya kwana, ya tsaya, muka fito. Muna hawa na farko sai na ji ƙarar sakata daga sama. Ammi Idrisu ya dafa bango ya tsaya cak.

Tana tsaye a bakin ƙofa, 'yar ƙaramar tsohuwa, hannunta ɗaya a kan ƙyaure. Ta ce, “Abu Yusuf, ka makara. Kuma wa ka ɗauko? Ƙofa biyu na ji an rufe.”

Ya ce, “Ke da kika kurmance?”

Ta ce, “Kai dai hawo, surutu.”

Ya ce, “Haruna ne, mai shakman.”

Ta juyo da fuska daidai inda nake. “Kai ne ka lalata mini mota?”

Na ce, “Ni ne, khala.”

“Kai ne kuma ka gyara?”

“Ni ne.”

Ta ce, “To shigo. A ba shi shayi, amma kar a sa masa na'ana'a. Sai ya ƙara hankali.” Ta kama hannun rigar mijinta ta ja shi ciki, kamar ita ce mai idon. Na sha shayina babu na'ana'a, ta kuma sa aka cika mini leda da ma'amul, cincin mai dabino a ciki, na kai wa yara.

Tun daga ranar na kafa doka biyu a bencina, kuma ku ma za ku bi su muddin kuna ƙarƙashina. Duk abin da kuka yanke daga tsohuwar mota, ku rubuta lambarta a jiki ku ajiye sati biyu kafin ya tafi tarin ƙarafa. Sannan in mai mota ya yi muku tambayar da kuke ganin ta banza ce, ku ajiye abin walda ku ce masa me ya sa. Awo da ƙarfe kowa zai iya koya cikin shekara biyu. Amma mota ba mai tuƙa ta kaɗai ke amfani da ita ba.

Bututun nan baƙin ƙarfe ne, laima za ta cinye su, na sani. Shi ya sa na yanka wasu biyu na rataye saman bencina, tsohon na hagun yana gefensu. Wanda ya taɓa su da sunan share warsha, ni da shi ne.